Tabarmar da Aka Ja wa Iska

A lokacin, Tudun Wada 'yan gidaje ce a bayan ganuwa, mu mazaunanta kuwa kusan duk baƙi. Kakata Iya Delu ke tara mu bayan isha'i, ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, tana kaɗi tana ba mu tatsuniya. Mace ce da ba ta karɓar magana sai ta juya ta ta duba bayanta.

Wata rana Baffa Garba, ƙanen babana mai dafa wa wani Bature abinci, ya zo da labari. Wai maigidansa ya ce duniya juyawa take kamar mazarin hannun Iya, shi ya sa iska ba ta tafiya a miƙe. Wai kuma a kai ni makarantar Turawa in koyi irin wannan. Babana ya fara karkata. Iya ta bari sai da muka zauna gaban wuta.

Ta ce a da can Iska 'yar aike ce mai gaskiya. Aka ɗora mata tulun ruwan sama ta kai wa wata tsohuwa da geronta ke bushewa. A hanya ta gamu da wani baƙo mai zaƙin baki, ya gaishe ta, ya tambaye ta inda za ta, ta faɗa masa. Duk gonakin garin kuwa a kan tabarma ɗaya suke. Iska na kan hanya, baƙon ya kama bakin tabarmar ya ja a hankali. Ta sauke tulunta daidai inda aka aike ta, amma gonar baƙo ce a wurin. Tun daga ranar take tafiya a karkace, tana neman tsohuwar.

Iya ta ɗaga murya yadda babana zai ji daga zaure: "Wanda ya ce maka ƙasa na tafiya, duba gonar wa ta nufa."

Duk da haka aka kai ni. Damina ba ta zagayo ba wasu ma'aikatan Turawa suka zo da sarƙar awon ƙasa, suka kafa turaka, gonar gyaɗar Iya ta faɗa cikin layinsu, aka karɓe ta. Iya ta rasu tana ganin juyawar duniya da jan tabarmar magana ɗaya ce.

Ni kuwa na zama malami. Na yi shekaru ina koyar da cewa rana na ɗumama tsakiyar duniya, iskar wurin ta tashi sama, ta arewa da ta kudu su kwararo su cike gurbin, juyawar duniya zuwa gabas kuma ta karkatar da su. Gaskiya ne, Baturen bai yi ƙarya ba. Amma duk ranar da na gama bayani yara suka gyaɗa kai da sauri, sai in koma gida raina ba daɗi. Nakan so a samu ko da ɗaya ya tsare ni da ido, ya tambaye ni wa ya gaya mini, kuma me zai ci idan an yarda.