Bulo a Ƙarƙashin Ƙafar Zomanya

Tun yana saurayi yake gini, kuma har ya tsufa ba a kiransa da wani suna a wurin aiki sai Magini, kamar duk garin shi kaɗai ya iya riƙe cokalin gini. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga faɗan tsiya. Leburori sun fi tsoron bakinsa a kan zafin rana. Amma akwai ɗabi'a guda da ta hana su gudunsa: ba ya barin kowa ya taka katakon hawa sai shi ya riga ya hau, ya dira a kai da ƙarfi, ya ji bai motsa ba. Idan mai gida ya ce yana ɓata masa lokaci, sai ya ce, "Lokacin naka ne, ƙafar kuwa ta mai ita ce." Duk tsawon rayuwarsa ta aiki babu wanda ya taɓa faɗowa daga gininsa, kuma da wannan kaɗai yake alfahari.

Shi ne ya faɗi, kuma ba daga sama ba. Yana tsaye a ƙasa yana duba igiya, cokali ya suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, bai ƙara miƙewa da ƙafarsa ba. Hawan jini ne. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, hannun hagu yana karkarwa, sai manuniya kaɗai ke bin umarninsa. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Babban ɗansa, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗauko shi ya kawo shi gidansa na haya a saman bene, aka gyara masa ɗakin da ke kusa da banɗaki.

Babu wanda ya wulaƙanta shi a gidan, kuma wannan ne ya fi ci masa rai, don da an yi masa laifi da ya samu abin yi wa faɗa. A ɗaga shi, a zaunar da shi, a goge masa baki, a ce "Sannu, Baba." Surukarsa ko tari ya yi sai ta taho da ruwa. Kowa na yi masa hidima, shi kuwa babu mai neman komai a wurinsa, ko da miƙo cokalin shayi ne. Da hantsi a fito da shi falo a ajiye a kujerar da ke jikin taga, ya wuni yana kallon katangar maƙwabta, wadda tun ranar farko ya ga a karkace take. Baƙin ciki ya taru masa a ƙirji, ga shi ba bakin faɗa.

Mutum ɗaya ce ba ta san ana tausayinsa ba, wato jikarsa, 'yar firamare mai ƙafa kamar sillen kara, wadda ya raɗa wa Zomanya saboda ba ta iya tafiya sai da tsalle. Tana da na'urar wasan gem da ubanta ya sayo mata ta hannu, an jona da talabijin. Ita wannan na'ura hannu biyu gare ta: ƙarami mai maɓallai, wanda ake tuƙa ɗan mutumin cikin talabijin da shi, da kuma wani babba mai faɗin faranti, da gilashinsa a tsakiya. Abin da ke cikin talabijin yana fitowa a wannan gilashin, kuma duk inda mai riƙe da shi ya dangwala yatsa, nan take bulo zai fito a wurin, a tsaye a kan iska, ɗan mutumin ya samu abin takawa. 'Yan gidan suna kiransa allo.

Wata rana bayan an taso makaranta ta yi ta faɗawa wani rami har ta fara shure-shure. Uwarta na kicin. Sai kawai yarinyar ta ɗauko allon ta dangwara wa kakanta a cinya.

"Tsoho, kana zaune ba ka aikin fari ba ka na baƙi. In na yi tsalle ka taɓa nan, ƙarƙashin ƙafata."

Ya harare ta. Ta yi tsalle, bai taɓa ba, ta faɗa. Ta sake, ya taɓa don ta ƙyale shi, sai ga bulo ya fito, ɗan mutumin ya dira a kai daram. Yarinya ta kurma ihu. Magini ya dubi yatsansa, ya dubi talabijin, ya gyara zama gwargwadon yadda jikinsa ya yarda.

Daga ranar ya samu aiki, kuma ya riƙe shi yadda ya saba riƙe aiki. Ba ya watsa bulo barkatai kamar yadda ubanta yake yi in ya karɓa. Yana auna tsawon tsallenta da ido, ya sa ɗaya inda za ta sauka, ya jira, sannan ya sa na gaba. Ya gane cewa in ta tsorata tsallenta gajarta yake yi, sai ya riƙa matso da bulon kusa idan wani dodo ya biyo ta. Ya gane in ta ciji leɓe to za ta yi ganganci. Ita idonta na kan talabijin, shi nasa na kan cinyarsa, ba mai kallon wani, amma sun fi kowa a gidan fahimtar juna. Ya fara tambayar ƙarfe nawa. Ya fara cewa a aske masa gemu. In an manta ba a sa allon a caji ba, ranar surukarsa za ta ji irin abin da leburori suka sha ji, da nauyin harshen da komai.

Sai dai Magini bai iya nuna jin daɗi ba, bai taɓa iyawa ba. A wurinsa yabo shi ne mita. Da ɗansa ya dawo daga aiki ya tarar da su, sai tsohon ya ɗago kai ya ce, a hankali, kalma na jan kalma, "Ka gani ko? 'Yarka... ta maida ni lebura. Ba abinci, ba sallama."

"Ai kai ka ce kana so!" in ji Zomanya.

"Ƙarya. Bauta ce."

Ɗan ya yi dariya, amma maganar tana shigarsa. Yaro ne mai biyayya, irin wanda bai taɓa koyon bambanta faɗan ubansa na gaske da na wasa ba, don tun yana ƙarami duka biyun da murya ɗaya suke zuwa masa. Yana ganin wuyan tsohon a sunkuye awa da awa, yana ganin hannun na rawa, sai ya ɗauka haƙuri kawai yake yi da yarinya. Ana nan kuma batirin allon ya fara mutuwa da wuri. Garin neman gira, ɗan ya rasa ido: ranar wata Asabar ya kwashe na'urar da allonta ya kai shago, ya yi ciko, ya dawo da sabuwa a kwali.

Sabuwar kyakkyawa ce, babu ƙarya. Hotonta garau, kuma ana iya zare ta daga mazauninta a riƙe a hannu a tafi da ita ko'ina. Amma fuska ɗaya gare ta. In tana talabijin, to tana talabijin. In an ɗauke ta, talabijin ya yi baƙi. Babu allo na biyu, babu wurin mai sa bulo.

"Baba, yau dai an sallame ka daga leburanci," in ji ɗan, yana murmushi, yana naɗe wayoyi. "Ka huta abinka."

Magini ya dubi cinyarsa. "Allon fa?"

"Ai wannan ba ta da shi. An daina yayinsa. In kana sha'awa ga wannan, gwada."

Ya sa masa wani ɗan hannu a tafi, bai fi ashana girma ba, maɓallansa cunkus kamar ƙwayar magani. Yatsun tsohon suka kasa rufuwa a kai. Abin ya zame ya faɗi kan tayil, ƙararsa ta cika falon. Surukar ta yi sauri ta ɗauke. Kunya ta rufe Magini, irin wadda ko ranar da aka fara yi masa wanka bai ji ba.

"Wasan yara," ya ce. "Dama na gaji."

Ita kuwa Zomanya murna ta hana ta lura da komai. Aka kunna mata, ta shiga gudu da tsalle a sabuwar duniya mai kyalli, har ta iso bakin wani rami mai faɗi. Ta taka da gudu ta yi sama, ba tare da ta waiwayo ba ta ce, "Tsoho, sa!" Ɗan mutumin ya wuce ƙasa. Ta juyo ta ga hannunsa a kan zanen da aka rufa masa a cinya, manuniyar a miƙe, ya dangwali wurin da babu komai.

A nan ɗan ya gane abin da ya yi. Washegari da sassafe ya koma shagon. Tsohuwar na'urar tana nan, amma allon an riga an sayar wa wani da nasa ya fashe, kuma mai shagon ya ce samun irinsa yanzu sai an dace, tunda kamfanin ya daina yi. Ya zaga kasuwa, ya bar lambarsa a wurare, ya dawo hannu rabbana. Ya durƙusa gaban uban zai yi bayani, tsohon ya ɗaga masa yatsa.

"Na ce maka ina so ne?"

"A'a, Baba."

"To tashi."

Da a ce ɗayansu ya iya magana da an wuce wurin, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kowa ya haɗiye tasa.

Magini ya daina fitowa falo. Ya ce hasken taga na damun idonsa. Daga ɗakinsa yana jiyo kiɗan gem ɗin, kuma kunnensa ya san ƙarar faɗuwa; duk sanda ya ji ta sai yatsan ya motsa da kansa. Abin da ya fi tsoro shi ne ranar da zai daina jin ƙarar, don yarinya tana ƙwarewa, kuma ya san hakan ne daidai. Gemu ya sake tsirowa, bai ce a aske ba. Abincin da ake kai masa rabi yake dawowa. Surukar ta fara yi wa mijinta magana ƙasa-ƙasa a kicin.

Ran nan da la'asar aka turo ƙofarsa ba sallama. Zomanya ce, da kayan makaranta a jikinta, ta zaro na'urar daga mazauninta ta rungumo. Ta hau gadon ta ɓangaren hagunsa, ta tura shi da kafaɗa.

"Matsa mana, Tsoho, kai kaɗai ka cinye gado."

"Fita. Barci nake."

"Da ido a buɗe? Akwai wani rami da ya hana ni wucewa tun jiya."

Ta ɗora na'urar a kan cinyarsa, hannayenta biyu riƙe da gefe da gefe, gilashin a tsakiya, daidai inda allo yake zama. Ya ji nauyin abin a cinyarsa. Ya so ya ce mata wannan gilashin ba ya jin taɓawarsa, ya san ta sani, tunda a gabanta aka faɗa. Ta riga ta fara gudu. Ya ga ramin na tahowa, ya ga ta ciji leɓe, ya ga tun daga takunta cewa ba za ta kai ba. Kafin ya yi tunani yatsan ya sauka a kan gilashin, a ƙarƙashin ƙafarta, daidai wurin da ya kamata.

Babu abin da ya fito. Ɗan mutumin ya ratsa ta ƙarƙashin yatsansa ya faɗa, sai shatin maiƙon yatsa ya rage a gilashin.

Ya janye hannun a hankali zai ɓoye shi cikin zane. Yarinyar ba ta dube shi ba. Ta yi tsaki mai ƙarfi, ta bugi katifa.

"Ka makara, Tsoho! Kai ka jawo min. Ina kake kallo?"

Ya juyo ya dube ta. Idonta na kan gilashin, ya cika da ƙwalla, tana ta ƙifta shi don kada ta zubo. Tun da ya kwanta ciwo kowa ke ce masa sannu. Yau ne aka fara ɗora masa laifi, kuma bai taɓa jin abin da ya yi masa daɗi ya kuma yi masa ciwo lokaci guda kamar wannan ba.

"Ni ne," ya ce. "Laifina ne. Koma baya... ki taho a hankali."

Ta goge hanci da bayan hannu, ta mayar da ɗan mutumin farkon hanya. Magini ya fito da hannunsa daga cikin zane, ya tsayar da yatsan a saman gilashin, yana jiran ta yi tsalle.