Na kusa jifan kurna a Doha

Sai da na sunkuya na ɗauki dutse sannan hankalina ya dawo jikina.

Ranar hutunmu ce, muna zagaya wani lambu a nan Doha inda aka jera itatuwan ƙasar, kowanne da allon bayaninsa. Kwatsam sai ga kurna ta nuna jawur, sak ta bayan gidanmu a Gumel.

Sani, abokin gadina, ya cafke min hannu. "Malam, jifa za ka yi? Ga kyamara can! So kake a kore mu daga aiki?"

Na ce, "Wallahi hannun ne ya tuna gida."

Muka tsinci waɗanda suka faɗo, muka goge a riga. Zaƙin yana nan yadda na baro shi.

'Yan jifan kurna, kuna nan kuwa?