Agogon da Maigidana Ya Ɗaura a Ƙafa

Maigidana tela ne. Shekara talatin yana zaune a kan keken ɗinki a shagonsa na Zango, ko sallah zai tafi sai ya hau moto, wato babur. Ni kuwa malamar lakwal ce, makarantar boko, a unguwar Birni.

Shekarar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago, likita ya ce sukari ya yi masa yawa, ga kuma tansiyon, wato hawan jini. Ya rubuta mana ordonansi ta sayen magani, sannan ya dube ni ya ce, "Malama, magani kaɗai ba zai riƙe shi ba. Sai ya riƙa tafiya da ƙafa kullum."

Mahaifinsa da yayansa duk ciwon sukarin nan ne ya ɗauke su. Tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Na je kasuwa na sayo masa agogon hannu mai ƙirga taku, na ɓoye makullin motonsa cikin tukwanena. Kullum da magariba in ya dawo, kafin ya sha ruwa sai in kama hannunsa in duba.

Makon farko lambar ba ta kai dubu biyu ba. Na yi faɗa, na yi kuka, har na ce masa, "Malam, so kake ka bar ni da yara huɗu?" Mako na uku sai na ga dubu bakwai, washegari dubu tara. Na yi sadaka da waina don murna. Amma yana ta ramewa, in ya shigo gida yana jan ƙafar hagu. Na ce a raina gajiyar tafiya ce.

Wata Alhamis aka tashe mu daga lakwal da wuri, na biya ta shagon ban gaya masa ba. Na same shi yana ɗinki, agogon ɗaure a idon sawunsa na dama, yana taka keke, lambar tana ta hawa. Ƙafar hagu kuwa tana kan kujera, naɗe da ƙyallen atamfa.

"Malam, me ke nan?"

Ya sunkuyar da kai. Na durƙusa na kwance ƙyallen. Wari ne ya fara buguna. Yatsu biyu sun yi baƙi, ƙasan ƙafar ya ɓare yana ruwa.

Ya ce, "Tun satin farko takalmi ya ji mini ciwo. Ban ji zafinsa ba sai da ya ruɓe. Na ga yadda kike duba abin nan kamar ranki na ciki, na kasa faɗa miki."

Na fito titi ba ko mayafi a kafaɗata, ina ɗaga wa kowace mota hannu. Wani mai adaidaita ya tsaya, muka ɗora shi. Duk hanyar asibiti ina riƙe da ƙafar a cinyata ina cewa, "Allah ka bar mini shi, ko da ba ƙafar."

An yanke yatsu uku. Likitan ya tambaye ni me ya sa muka daɗe haka. Wata guda cur ina duba hannunsa, ban taɓa cewa ya cire takalmi in ga ƙafarsa ba.

Ya yi wata biyu a kwance. Yanzu yana takawa da sanda. Bayan la'asar nakan raka shi daga ƙofar gida zuwa gindin dutsen da ke ƙarshen layinmu, mu zauna ya huta, mu dawo. Wata rana ba ma kaiwa rabi. In mun shigo sai in wanke masa ƙafafu da ruwan ɗumi, in duba tsakanin yatsun da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Satin da ya wuce na ga wani ɗan ja a diddigensa na dama. Ya ce ba komai ba ne. Gobe Litinin, na riga na nemi izini a lakwal, asibiti za mu koma.