Ƙanwata Mai Ɗinkin Leɓe

Ranar da ƙanwata ta ci bak, jarrabawar shiga jami'a, Inna ta yi guɗa har maƙwabtanmu Zabarmawa na unguwar Talladje suka shigo da gudu, sun zaci aure ne. Ni babbar ƴar gidan ce, tela, kekena na nan a zaure tun zuwanmu daga Maraɗi. Ita kuwa auta likita take son zama.

Shekara bakwai tana wucewa ta unguwar Gaweye, ta hau gada zuwa fakilte, sashen likitanci na jami'a, a ƙetaren kogi. Ni na ɗinka mata farar rigarta ta farko, hannun ya yi tsawo, ta naɗe shi haka nan. A shekarar ƙarshe ta dawo daga asibiti wata la'asar, ta zauna kusa da keke ko mayafi ba ta cire ba.

"Yaya, yau na ga an gyara leɓen wata jaririya da aka haifa da shi a tsage. Da uwar ta gan ta sai ta zauna a ƙasa tana dariya. Wannan aikin zan yi."

Bayan ta kare kundinta gaban malamai, muka ci shinkafa da tsire, sai ta faɗa wa Inna saura karatun fiɗa, bayansa kuma na gyaran fata da fuska, shi kuma sai a ƙasar waje.

"Auta, ba kin gama ba?" in ji Inna. "Karatun nan naki ba ya da gindi ne?"

Wata maƙwabciya ta ƙara rikita ta, wai irin likitocin nan hanci suke tsawaita wa matan masu hali. Kwana biyu Inna na fushi, sai da ƙanwata ta nuna mata hoton hannun da wuta ta manne wa yatsu, da yadda aka raba su.

Shekarun fiɗa ne suka fi ba mu dariya. Duk kazar da aka yanka sai ta tsaga fatar cinyar, ta ɗinke da wata lanƙwasasshiyar allura kafin a sa a tukunya. Inna na tsaye da ludayi tana cewa, "Sakar mini kazata, ba za ta tashi ba!" Ni kuma in leƙa in ce tazarar ɗinkin ba ta yi daidai ba. Takan harare ni, sannan ta warware ta sake.

Ta tafi Dakar, ta yi shekarunta, muna gaisawa ta waya. Ɗana na fari da aka haifa tana ajin farko, shi ya tuƙo motar da muka tarbo ta.

Bara Inna ta je awon hawan jini, na raka ta, muka biya ofishin ƙanwata. A bakin ƙofa wata mata daga Tawa riƙe da yaro ta tambaya ko mu ma dokta muke jira.

"Ni na haife ta," in ji Inna.

Matar ta ɗago haɓar yaron ta nuna mana leɓensa, ɗan siririn tabo kawai ya rage. Inna ta sa tabarau ta duba da kyau, ta juyo gare ni.

"Ke tela, ya kika gani?"

Na ce ni dai ban iya irinsa ba. Matar ta matsa mana wuri a benci, muka zauna muna jiran layi ya zo kanmu.