Hanyar da Ba Ta Zuwa Gidan Kowa

Muna idar da sallar asuba muka fito daga gidanmu na unguwar Sedgefield, a nan ƙasar Turawa, mu uku a mota: maigidana na tuƙi, ni a gefensa, mahaifiyata a baya ta rungume wata jaka a cinya. Mu huɗu ke nan idan an haɗa da wanda ke cikina, don ina wata na takwas. Kafin in ba ku labarin hanya bari in faɗi abin da ya fitar da mu, domin ba shan iska kawai muka je ba.

Mama ta zo daga gida ne saboda haihuwata, da niyyar zama har mu yi arba'in. Wata biyu da zuwanta ta fara ramewa. Ni ina asibiti wurin aikin jinya, shi yana wurin nasa aikin, ita kuwa tana falo daga safe har yamma tana kallon ciyawa ta taga. Unguwarmu ba mai tafiya a ƙasa, motoci ne ke fita daga gareji su koma gareji. Ranar Talata ta ce a canza mata tikiti, gida za ta koma, ƙafafunta sun fara manta aikinsu. Na shiga banɗaki na sha kukana. Haihuwar fari ce, ba ni da wanda zai yi mini wanka ko ya dama mini kunu, kuma na san Mama, in ta furta magana to ta riga ta gama shawara. Da ƙyar ta yarda ta jira zuwa ƙarshen mako.

Wata Anti 'yar Jos da muke aiki tare ce ta kawo dabara. Ta ce 'yan cocinsu sun je wani ƙauye can wajen duwatsu, inda gwamnati ta ba da tallafin kuɗi aka yi wa mutanen ƙauyen hanyar ƙafa mai kyau a cikin daji, in kai Mama ta miƙe ƙafa ko ranta ya yi sanyi. Da na gaya wa Mama akwai ƙauye kuma akwai hanyar ƙafa, sai ta haɗa biyun yadda duk mai hankali zai haɗa su: za mu ajiye mota mu taka zuwa cikin garin. Kada in ɗora mata ita kaɗai, ni ma haka na ɗauka. Shekarata shida a ƙasar nan, amma daga asibiti sai kanti sai gida. Ranar Juma'a wuni ta yi a kicin tana haɗa tsaraba, don ba a shiga garin mutane hannu rabbana: dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kunu, da ƙullin yajin daddawa. Maigidana ya leƙo ya ga aikin da ake yi, ya buɗe baki, ya rufe, ya koma falo.

Mun bi babban titi zuwa yamma, daga baya muka sauka kan ƙananan hanyoyi masu kwana-kwana. Duk inda aka juya sai coci, sai shanu jajaye masu ƙiba ba makiyayi, sai tsofaffin rumfunan katako da aka ce na shanya taba ne a da. Lokacin kaka ne, ganyen bishiyoyi ya koma ja da rawaya. Mama ta daɗe tana kallo cikin tausayi, sannan ta tambaya wace cuta ce ta kama itatuwan mutanen nan gaba ɗaya. Na ce haka suke yi duk shekara, har daga nesa ake zuwa kallo. Ta ce to, Allah ya kyauta.

A wani gidan mai muka tsaya karin kumallo. Akwai irin burodin nan nasu mai laushi da ake gasawa da safe, ƙamshinsa ya cika shagon. Na tambayi matar da ke kan kanta ko da man alade aka yi, ta shiga ciki ta tambayo, ta dawo da fara'arta ta ce ƙwarai kuwa, ai shi ya sa yake daɗi. Muka haƙura da shayi da ayaba. A waje kuma muka samu wani dattijo da tukunyar dafaffiyar gyaɗa, kofi ɗaya dala biyar. Muka saya, Mama ta ɓare ɗaya ta tauna, ta ce gyaɗar ba laifi, amma wanda ya zuba gishirin da fushi ya tashi.

Wajen ƙarfe tara muka isa. Fili ne shimfiɗe da tsakuwa, cike da motoci, wasu ko watansu shida ba su yi ba. Akwai banɗaki mai tsafta, da rumfa da tebura, da wani allo babba da aka rubuta cewa da kuɗin tallafin gwamnati aka yi wurin. A jikin allon akwai taswira, amma na ga layi ne kawai ya lanƙwashe, ban tsaya nazari ba saboda Mama ta riga ta ɗora jakar tsarabar a ka ta yi gaba. Maigidana ya bi ta da sauri ya ce ta kawo ya riƙe. Ta ce ya bar shi, ta yi kewar kaya a kai.

Gaskiya hanyar ta yi kyau. An daddale ta, an yi gadojin katako a kan rafi, duk bayan ɗan taƙi an kafa benci. Ƙasar wurin ja ce irin ta wajen gonakinmu, har Mama ta duƙa ta murza ta a yatsa ta ce rogo zai yi. Ni dai ina baya ina jan ciki ina haki, amma ita kamar an kwance mata dabaibayi. Rabon da in ga tana tafiya haka, kafaɗa a miƙe, tun ina yarinya muna zuwa kasuwar ƙauyen kakata. Na ce a raina shi ke nan, mun ci nasara, tikiti ya zauna.

Sai dai tambayoyi sun fara tun ba mu yi nisa ba, kuma ni ake tambaya, ni kuwa ban sani ba. Me ya sa duk waɗanda muke haɗuwa da su ba mai ɗauke da kaya? In kasuwa za su ina kwandonsu, in daga kasuwa suke ina cefanen? Me ya sa ƙato mai lafiya yake dogara sanda biyu? Duk wanda ya zo wucewa Mama takan tsaya ta gaishe shi sosai, shi kuwa ya ɗaga hannu ya ce “hi” bai ko rage sauri ba. Wani ya wuce mu da gudu, ta juya ta duba bayansa ko akwai abin da ya biyo shi. Da ta ga busassun itatuwa zube a gefen hanya ba mai tsinta, ta fara tarawa za ta kai wa matan garin. A nan ne maigidana ya sunkuyar da kai ya ce, cikin ladabi, an hana ɗaukar komai daga dajin. Ta ce wane ne ya hana. Ya ce hukuma. Ta ajiye, amma na ga ta waiga ta sake kallon itacen har sau biyu.

Na matsa kusa da shi na tambaye shi a hankali saura nawa mu isa garin. Ya ce, “Mun kusa fita.” Ban lura da cewa “fita” ya ce ba.

Bayan kamar awa ɗaya da rabi muka hango hasken fili ta tsakanin bishiyoyi, da ƙyallin motoci. Mama ta gyara mayafi, ta ce in gyara nawa ɗankwalin, ga tashar garin nan mun iso. Muka fito. Ta ce ashe su ma suna da banɗaki irin na can. Ta ce ga wata mota kamar tamu. Ta ƙara matsawa, ta leƙa ta gilashi, ta ga bawon gyaɗar da ta bari a kofi a kujerar baya.

Ta sauke jakar daga kanta a hankali ta ajiye a kan tsakuwa. Ba ni ta kalla ba, surukinta ta kalla, abin da ba ta taɓa yi kai tsaye ba.

“Ina garin?”

“Mama, ku yi haƙuri,” in ji shi, idonsa a ƙasa. “Trail ɗin nan da muka bi loop ne. Zagayawa yake yi ya dawo nan.”

“Ka sani tun jiya?”

“Na sani. Na ga kuna ta aiki ne, na kasa faɗa.”

Kunyar suruka ce ta sa ya bar tsohuwa ta ɗauki kaya a ka ta zagaye daji ta dawo inda ta tashi. Ni kaina raina ya ɓaci, don ko ni ai ya iya ja gefe ya gaya mini. Mama ta je rumfa ta zauna ta juya mana baya.

Akwai wani dattijo Bature mai hular kwano da ke tsintar shara a filin. Don in samu abin da zan gaya wa Mama, na tambaye shi dalilin yin hanyar. Ya ce shi ɗan garin ne, garin yana can gaba kan titin mota. Masaƙar da ke ba su aiki ta rufe tun tuni, matasa suka watse, shi ne suka haɗu suka rubuta wa gwamnati neman tallafi, suka yi ta cike takardu da zaman taro har aka ba su. Yanzu baƙi kan zo su taka, a hanyar komawa su tsaya su sayi mai da abinci. Na fassara wa Mama. Ta ce wato garin na neman mutane, sai aka yi hanyar da ba ta shiga garin. Na mayar masa da tambayar. Ya cire hula ya sosa kai, ya yi dariya, ya ce a zaman taronsu ba wanda ya taɓa kawo wannan.

Muna nan zaune sai ga wata yarinya Baturiya ta fito daga hanyar, ita kaɗai, da jariri ɗaure a ƙirji. Ta zauna a ƙarshen teburinmu tana mayar da numfashi, idanunta sun faɗa. Mama ta ce in tambaye ta kwanan yaron nawa. Mako uku. Mama ta ce in sake tambaya, ban ji daidai ba. Mako uku ne. Wa ke yi mata wanka? Yarinyar ba ta ma gane tambayar ba. Ina uwarta? Tana wata jiha mai nisa, ta zo ta yi kwana huɗu ta koma aiki. Mijin fa? Ya koma aiki shi ma. Ta ce takan zo nan ne saboda in ta zauna a gida ita da yaron tana jin bango na matse ta, a nan kuwa ko ba komai wani zai ce mata “hi”.

Mama ta miƙa hannu, yarinyar ta ɗan yi jim, sannan ta kwance jaririn ta ba ta. Ta duba cibiyarsa, ta duba maɗigarsa, ta kifa shi a cinya tana ɗan bubbuga bayansa har ya yi gyatsa ya yi barci. Sannan ta buɗe jakar ta tura wa uwar dambun naman, ta tsare ta da ido sai da ta ci da yawa. Garin kunun ma ta ba ta, ta sa na rubuta mata yadda ake damawa a bayan wata takarda. Da za mu tashi yarinyar ta rungume Mama tana hawaye, Mama ta tsaya ƙiƙam, hannu a sake, don ba ta saba ba.

Muka kama hanyar dawowa. Ba wanda ya yi zancen ganye ko shanu. Ni dai na riga na saddaƙar, ina ta tunanin yadda zan kira kamfanin jirgi ranar Litinin. La'asar sakaliya muka shigo unguwa, ƙofar gareji ta ɗaga da kanta, muka shiga, ta sauka a bayanmu. Maigidana ya fita ya ba mu wuri. Mama ba ta motsa ba.

“A bar tikitin nan yadda yake,” in ji ta.

Na juyo da murna na ce ashe tafiyar ta yi mata daɗi.

“Daɗin me? Ni ba tafiya na rasa ba, wurin zuwa na rasa. Amma ni ina da inda zan koma. Ke in na tafi, da mako uku za ki ɗaure ɗanki a ƙirji ki je daji neman wanda zai gaishe ki.”

Ta ɗauki jakarta ta shiga gida, ta bar ni a mota.

Har yau ban gama gane lissafin gwamnatin da ke kashe kuɗi kan hanyar da ba ta zuwa gidan kowa ba, ko da yake na ga amfaninta a fuskar yarinyar nan, kuma duk wanda ke kusa ina ba shi shawara ya je, ya dai karanta taswira tukuna. Abin da na gane shi ne nawa. Wata biyu ina tausayin Mama, ina ganin ita ce aka kulle a ɗaki. Da na zauna a garejin nan na ƙirga, sai na tarar shekara shida ina unguwar nan ban taɓa shiga gidan maƙwabci ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya taɓa shigowa nawa, kuma ban taɓa jin hakan ya dame ni ba sai ranar.