Kwana Tara Ana Kira Na Hapsatu

Wata biyar rabona da rubuta komai a nan. Masu cewa Rahila ta samu aikin ofis ta fara girman kai, ku yi haƙuri, ba haka ba ne. Kwance nake.

Wasunku sun san daga Michika muka gudo lokacin da 'yan bindiga suka shigo gari. A hanyar ne yayana Bitrus ya ɓace, har yau ba shi ba labarinsa. Mama ta zauna a Mubi, ni na kama ɗaki a Jambutu.

Bara na samu gurbin horo a wani asibitin kuɗi a Jimeta, ofishin lissafin masu inshorar lafiya. Mu ne muke duba katin majinyaci, mu nemo lambar izini daga kamfanin inshora, mu cike fom a biya asibiti. Horon wata shida ne, in ka gama lafiya a ɗauke ka aiki. Amma mai koyo ba shi da kati.

A wata na huɗu zazzaɓi ya fara, sai ciwon ciki.

Kun san abin da ya cuce ni? Na san farashin komai. Gwajin jini, hoton ciki, gado na kwana ɗaya, duk suna kaina. Da na tuna likita sai in haɗa lissafi, in ga ya fi ƙarfina, in wuce kemis. Mako uku ina wannan wautar, ni da nake kwana da tashi a cikin asibiti!

Maƙwabciyata Adda Hapsatu malamar firamare ce, tana da kati. Ranar da za ta tafi hutu Jalingo wajen mijinta ta same ni a duƙe ina amai.

Ta ce, "Rahila, karɓi katina. Hoton ya koɗe, wa zai gane? Amma kar ki je inda aka san ki."

Na san laifi ne. Satin farko aka koya mana yadda ake kama masu yin haka. Na karɓa, na yafa mayafinta, na hau keke zuwa wani asibiti a Yola. Na kashe waya don kar Madam ta ofishinmu ta kira.

Likita ya danna cikina na yi ƙara. Ya ce, "Malama Hapsatu, taifot ya huda hanjinki. Me kike jira tuntuni?" A ranar aka shiga da ni tiyata.

Na farka da roba a hanci, ƙarin ruwa a hannu, ba kowa a kaina.

Lokacin ziyara ya fi komai zafi. Ƙarfe huɗu na yi ɗaki ya cika da kuloli da yara da addu'a. Ni sai in juya fuska bango. Ba wanda zai zo, don ba wanda ya san da wane suna nake kwance. Nas ta kira "Hapsatu" sau uku kafin in tuna ni ce. Matar gadon kusa ta ɗauka kurma ce ni, da hannu take miƙo min kunu.

Wallahi na ji tsoro. In na mutu, sunan Adda za a rubuta a takarda, ita kuma tana Jalingo da ranta.

Rana ta tara wata nas tana wanke min ɗinki tana hira da abokiyar aikinta. Ta ce, "Tsohuwar nan ta Mubi ta sake dawowa. Kwana uku tana zaune a gindin dalbejiya. Wai wani mai keke na unguwar 'yarta Rahila ya ce nan ya sauke ta. Mun duba littafi, babu. Ta ce ta riga ta rasa ɗa guda ba ta ga gawarsa ba, ko ɗakin gawa ne a nuna mata."

Na san abin da zai biyo baya in na faɗi gaskiya, aikina ne. Inshora za ta janye, kuɗin tiyata ya dawo kaina, a kai rahoto, horona ya tashi a banza.

Na riƙe hannun nas ɗin na ce, "Sista, ni ce Rahila. Ku shigo da ita."

Mama ta shigo da takalmi ɗaya a hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta shafa fuskata, ta ce, "Ke ce?" Na ce ni ce. Sai ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka.

Duk abin da na lissafa ya faru. Dubu ɗari uku da ashirin aka ce mu biya. Mama ta sayar da kekenta na ɗinki, matan cocinmu suka cika. An dakatar da katin Adda, ta sha tambayoyi saboda ni. Madam ta ce, "Rahila, da kin faɗa min, da mun san yadda muka yi." Ba a mayar da ni ba, ban kuma ga laifinta ba.

Yanzu na warke, ina cin tuwo, ina tafiya har kasuwa. Na gode wa Allah. Na gode wa likitan da nas ɗin, da matar da ban san sunanta ba mai ba ni kunu. Adda, ki yafe min.

Don Allah, zazzaɓi in ya wuce kwana uku ku je a gwada jini. Ku yi rajistar inshora tun kuna da lafiya, ko mai ƙaramin kuɗi ce. Kar ku ari katin kowa, kar ku kwanta asibiti ba ku faɗa wa mutum ko ɗaya ba.

Mama ta ƙi komawa Mubi. Har yau in zan fita sai ta tare ƙofa ta ce, "In na zo nemanki, wa zan ce ina nema?"