Tatsuniyar da Kaka Ba Ta Rufe Ba

A ƙauyenmu, arewa da Kornaka, Kaka ce ta rene ni. Bayan magariba takan zauna gaban wutar kara tana kaɗi, mu jikoki mu kewaye ta. Na zauna gaban malamai da dama daga baya, amma ban ga wanda ya kai ta tsanani kan tsarin labari ba.

Akwai tatsuniya guda da ta fi yawan yi mana. Wata yarinya ce ta bar jaririnta wurin uwarta, ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Kafin ta jawo guga, sai ga mahara bisa raƙuma. Da rana ta faɗi, aka tarar da tulun kawai.

Nan take tsayawa.

"Bayan nan fa, Kaka?"

"Ku za ku ƙulla. Ni zarena nan ya tsinke."

Sai mu yi ta ƙoƙarin maido da yarinyar gida, kowa da dabararsa. Ni sarkin gaggawa ne, nakan ce ta gudu, ta iso, shi ke nan.

"Kai maigidana, ƙafa gare ta ko fiffike? Yaushe ta kwance igiyar da maharan suka ɗaure ta da ita? Kafin su yi barci ko bayan? Da gari ya waye mi ta ci? Koma ka ɗauko ta a hankali."

Mu yi ta dariya. Ba mu lura ba cewa duk tatsuniyoyinta tana datse su da ƙurunƙus kan ɓera, ban da wannan.

Sai da na yi gemu kawuna ya gaya mini cewa jaririn nan ni ne. Tulun da muke shan ruwa a ciki ma shi ne.

Da ciwon ajali ya kwantar da Kaka, na zo na zauna kusa da kanta. Ta ce, "Malam, bayan nan fa?"

Na ɗauko uwata daga bakin rijiya. Na kwance igiyar bayan sun yi barci. Da gari ya waye na ba ta nono a wata ruga. Daga nan na biyo da ita kwari kwari, ban tsallake ko yini guda ba, har ƙofar gidanmu. Kaka ba ta gyara mini komai ba.

Na buɗe baki zan rufe tatsuniyar, sai ta riƙe hannuna.

"Bar ta a buɗe. Ɗiyata ba ta yi sallama ba tukuna."